Likita ya ce a canza mini ƙashin ƙugu, Umma ta ce in jira: ku ba ni shawara

Ummu Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu ba na tanka wa kowa, yau dai tura ta kai bango. Ni mai sikila ce, SS, shekarata 31, ina koyarwa a wata firamare a nan Kano, ina da aure da yaro ɗaya. Ƙuguna na hagu ne ya sa ni gaba. Da farko a matsematsi nake jin ciwon, yana sauka har gwiwa. Yanzu ko a kwance ba ya ƙyale ni, da na juya cikin barci sai in farka. Ba na iya tsayawa gaban allo in gama darasi, sai na jawo kujera. Yanke farcen ƙafa ya gagare ni, sai ƙanwata ta zo. Ƙafar ma ta soma gajarta, ɗingishi nake yi.

An yi hoto, likitan ƙashi ya ce kan ƙashin cinyar ya mutu saboda jini ba ya kai masa, har ya lotsa. Ya ce abin da ya rage shi ne a cire shi a sa na ƙarfe. Maigidana ya ce a yi, ko da filinsa zai sayar. Umma kuwa kuka ta sa, ta ce ba a yanka mai sikila, kuma wai ƙarfen shekara goma yake yi ya lalace, mutum ya ƙare a keke. Wani likitan da muka gani ta hannun ɗan uwa ya ce in daure in kai arba'in tukuna. Na rasa na kamawa. Wanda aka yi wa, ko ya yi jinyar wanda aka yi wa, don Allah ya faɗa mini gaskiya, mai daɗi da marar daɗi.

Hajiya Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya 'yata, ya sa kaffara ne. Ni dai maganar uwa ba abin wasa ba ce. Ki ƙara haƙuri, ki dage da addu'a, ki riƙa shafa man zaitun da habbatus sauda. Wuƙa ba abin gaggawa ba ce.

Baba Tela:
Amin Hajiya. Amma addu'a da neman magani ai ba sa karo da juna.

'Yata, ni an yi mini, ƙugun dama. Ba sikila gare ni ba, haɗarin babur ne ya gurɗe mini gaɓar tun ina saurayi, da girma ya zo amosani ya cinye ta. A farke ma aka yi mini aikin. Allura suka yi mini a baya, rabin jikina ya mutu, ina jin ƙarar guduma da hirar ma'aikata amma ba na jin zafi. Washegari wani yaro mai gashin ƙashi ya zo ya ce Baba a tashi a taka. Na ce yaro, ka san abin da aka yi mini jiya kuwa? Ya ce ya sani, shi ya sa ma ya zo. Ya kama ni na taka da abin dogarawa har bakin ƙofa.

Ciwon ɗinki yana nan, ba zan ɓoye miki ba. Amma wancan ciwon mai cizo cikin ƙashi, wanda ya hana ni barci, shi tun a asibiti na neme shi na rasa. Wahalar ma a gida take. Masai na tsugunno gare mu, dole yara suka sa na zama kafin a sallame ni. Suka ɗora ƙafafun gadona a kan bulo don ya yi tsayi. An hana ni tabarma, an hana ni harɗe ƙafa, in zan kwanta sai da matashi a tsakanin cinyoyi. Yanzu ina shago, ina taka keken ɗinkina.

Ɗan Katsina:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma kai ka dace ne. A faɗi ɗaya ɓangaren ma. Kawuna an fita da shi waje aka yi masa, an kashe kuɗi ba kaɗan ba. Ya dawo yana murna, can sai wurin ya fara kumburi yana fitar da ruwa. Ƙwayar cuta ce ta kama ƙarfen. Waɗanda suka yi aikin suna can wata ƙasa, sai dai waya. Likitocin nan suka ce dole a ciro ƙarfen, a yi ta allurai makonni, sannan a sake sa wani. Mutumin da ya tafi da sandarsa yana tafiya, ya fi shekara a kwance. Kuma shi lafiyayye ne, ba sikila. Ni a ganina in dai kina iya kai kanki makaranta ki dawo, ki bar wa Allah ikonsa.

Ummu Haidar:
Yaya Ɗan Katsina, irin wannan labarin ne ke hana ni barci bayan ciwon. Amma ba ni nake kai kaina ba, maigidan ne ke kai ni a mota ya ɗauko ni. Rabona da kasuwa na manta.

Dakta Ƙashi:
Salam. Ina aiki a sashen ƙashi. Ban ga hotonki ba, ban duba ki ba, don haka ki ɗauki maganata a matsayin ƙarin haske, hukunci na wanda ya gan ki ne.

Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana juyawa a cikin wani kwarmi a ƙashin ƙugu, guringuntsi ya lulluɓe su. 'Yan siraran jijiyoyi ne ke kai masa jini, kuma ba su da yawa. A sikila su ne ke toshewa, sai ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsin ya mutu. Abu ne da muke gani kullum, akwai binciken da ya nuna kusan rabin masu SS na samunsa kafin shekara 35. Masu SC ma ba su tsira ba.

Tambayar farko ita ce, ya lotsa ko bai lotsa ba. Kafin ya lotsa akwai dabaru: rage ɗora nauyi, gashin ƙashi, ko a huda ƙashin don rage matsin da ke ciki. Ko hudar ma, wani gwaji da aka yi a Amurka kan masu sikila aka fitar a 2006 bai ga ta fi gashin ƙashi zalla ba. In kuwa ya lotsa, ya zama kamar ƙwallon tebur da aka taka. Babu maganin sha, babu na shafawa, babu gashin da zai mayar da shi mulmulalle. Hajiya, da girmamawa, man zaitun ba ya kaiwa can.

Tambaya ta biyu kuma ba hoto ke amsa ta ba, ke ce. Muna ganin mai mummunan hoto yana harkokinsa, irin wannan ba ma taɓa shi. Abin da muke tambaya: ciwon na tashinki da dare? Ya hana ki aiki? Magani ya daina riƙe shi? Kin riga kin amsa biyu a rubutunki.

Sista Rabi:
Dakta bari in tsoma baki a ta ukun. Ummu Haidar, me kike sha yanzu? Ki faɗi gaskiya, nan duk gida ne.

Ummu Haidar:
Diclofenac safe da dare, Anti. In ya yi tsanani tramadol. Wani lokacin akwai mai kemis da ke zuwa ya yi mini allurar penta.

Sista Rabi:
To kin ji. Masu cewa a jira har arba'in, da wannan za a yi jiran? Shekara tara ana zuba diclofenac a cikin mai sikila? Sikila da kanta tana taɓa ƙoda, wannan maganin ma yana taɓa ta, ga gyambon ciki. Ita kuwa penta, na yi jinyar yara masu sikila da suka fara ta don ciwo na gaskiya, ƙarshe jiki ya saba ba sa iya rabuwa da ita. Cinya da ɗuwawu su sandare su yi tauri, gyambo ya ɓarke ya ƙi warkewa. Kuma duk likitan da ya san aikinsa ba zai sa miki ƙarfe ba alhali akwai gyambo a jikinki, don daga nan ƙwayar cuta ke bin jini ta je ta zauna a kansa. Ki tsayar da allurar nan ta gida ƙanwata, ki koma wa likitan jininki ya tsara miki maganin ciwo, ya duba ƙodarki. Wannan ko za a yi aiki ko ba za a yi ba.

Mutane na ɗauka jira kyauta ne. Akwai abin da ake biya.

Abu Sumayya:
Ni mai gashin ƙashi ne, kuma ina so in ɗan kare likitan da ya ce a jira, don na ga an fara yi masa kallon wanda bai san aiki ba. Yana da hujja. Ƙarfen nan ba na har abada ba ne. Wanda aka sa wa yana da shekara 70, galibi shi ke nan. Mai 31 kuwa sai ta sa a ranta za a sake buɗe wurin wata rana, wataƙila ma fiye da sau ɗaya. Aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada, saboda duk cirowa tana tafiya da wani ƙashin. Na ga waɗanda aka yi wa gaggawa, suna iya zuwa kasuwa, suna barcinsu, hoto kawai aka gani aka tsorata su. Irin waɗannan sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren, motsa jiki da rage nauyi kan saya musu shekaru.

Sai dai ke 'yar uwa, yadda kika siffanta kanki, ba na jin kina cikinsu. Kuma jira mai tsawo yana da nasa sharrin da ni nake gani a ɗakin gashi: naman ɗuwawu da na cinya ya zube, gaɓar ta ƙage, ƙugu ya karkace, baya ya fara ciwo, ɗaya ƙafar ta gaji da ɗaukar kaya. Wanda ya shigo tiyata da ƙafarsa ya fi saurin miƙewa a kan wanda aka turo a keke.

Ɗan Katsina:
To ai ka ga ni. Ku da kanku kun ce sai an sake. Shekara goma kamar yau ne.

Dakta Ƙashi:
Shekara goman nan tsohon zance ne. Aikin a yadda muka san shi yau wani likitan Ingila ne, John Charnley, ya daidaita shi a asibitin Wrightington a 1962, kuma tun daga nan ake bin diddigin waɗanda aka yi wa. A 2019 masu bincike na Jami'ar Bristol suka tattara rajistar ƙasashe suka fitar a mujallar Lancet: cikin ƙarfe ɗari da aka sa, kusan 89 na nan ba a sake su ba bayan shekara 15, kusan 70 bayan shekara 20, kusan 58 bayan shekara 25. Waɗanda suka kai shekara 25 ɗin ma tsofaffin kaya aka sa musu, kafin a fito da robar cikin kwarmin da ta fi jure gogayya a ƙarshen shekarun 1990.

Amma kar in yi muku kwalliya. Yawancin mutanen cikin lissafin nan tsofaffin Turawa ne masu amosani. Matashi ya fi cin ƙarfe saboda ya fi motsi, kuma mai sikila ƙashinsa daban ne. Ramin ɓargon cinya kan toshe ya yi tauri a wani wuri, ya yi laushi a wani, in likita bai saba ba yana iya fasa shi ko ya huda gefe. Haɗarin ƙwayar cuta, wanda a sauran mutane yake wajen ɗaya cikin ɗari, a masu sikila ya fi haka. Abin da ya sami kawun Ɗan Katsina gaskiya ne, yana faruwa, kuma shi ne abin da muka fi tsoro.

Maganar Umma cewa ba a yanka mai sikila, da can tana da tushe. Yanzu shiri ake yi. Likitan jini ya shigo tun kafin a sa rana. Akan ƙara jini a kai ma'auninsa na haemoglobin wajen 10, wasu ma musanya musu jinin ake yi don a rage mai sikilar. A tabbatar babu zazzaɓin cizon sauro, babu ciwon fitsari, babu ruɓaɓɓen haƙori, babu gyambo a ƙafa. Lokacin aiki da bayansa a kula da ruwa, iskar oksijin da ɗumin jiki, saboda sanyi da ƙishirwa ne ke tayar da ciwon. Abin da ake gadi a kwanakin farko shi ne ciwon ƙirjin nan mai tsanani na masu sikila, da daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Shi ya sa aka tashi Baba Tela washegari, ba mugunta ba ce.

Maganin Gado:
Assalamu alaikum. Hajiya kar ki yarda a yanka ki. Muna da haɗi na musamman da ke tsiro da sabon ƙashi cikin sati uku da yardar Allah, ki yi mini magana ta akwati.

Anti Binta, mai kula da zaure:
Malam, dokar zaure ta hana talla, balle irin wannan. Na cire lambarka, in ka sake kai ma za ka bi ta.

Sadauki:
Anti a yi haƙuri, shi wannan ɗan kasuwa ne, amma kar a haɗa da masu ɗori na gado. A garinmu akwai gidan da tun kakanni suke ɗori, na ga wanda asibiti suka ce a yanke masa ƙafa sun ɗora shi ya tashi. Me zai hana ta gwada kafin wuƙa?

Dakta Ƙashi:
Malam Sadauki, muhawarar masu ɗori doguwa ce, a bar ta wata rana. A nan dai babu abin ɗorawa. Ba karaya ba ce, ba targaɗe ba ne. Ƙashi ne ya mutu a can cikin gaɓa, ƙarƙashin nama mai kauri. Ja da murɗa sai dai su ƙarasa lotsa shi.

Tunda na ga mata da yawa a zauren, bari in sako wannan. Ba sikila kaɗai ke kashe kan ƙashin cinya ba. Ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe da ake sha don ƙiba, waɗanda ke da dexamethasone ko prednisolone, suna cikin manyan masu jawo shi. Giya mai yawa ma haka. Muna ganin 'yan mata AA da ƙugu biyu a lalace.

Ummu Haidar:
Na gode ƙwarai. Akwai abu biyu da nake jin nauyin tambayar likita ido da ido. Na farko salla. Yanzu ma a kujera nake yi, kuma raina ba ya so. In an yi aikin zan koma sujada? Na biyu, wata a dangin maigidana ta ce mai ƙarfe a ƙugu ba ta ƙara haihuwa. Maganar ta kai kunnen surukata.

Malam Na Zaure:
'Yar uwa, ta ɓangaren addini ki kwantar da hankalinki. Sahabi Imrana ɗan Husaini ya kai kukan rashin lafiyarsa ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Yana cikin Bukhari. Sallarki a kujera cikakkiya ce yau, cikakkiya ce bayan aiki. Sa ƙarfe a jiki don magani ma ba sabon abu ba ne, an yi wa sahabi Arfaja izinin sa hancin zinare bayan an sare nasa a yaƙi. Umma kuma a bi ta a hankali. Tsoro ne na uwa, ba ƙiyayya ba. Ku tafi da ita wurin likitan ta ji da kunnenta, ta yi tambayoyinta. Sannan ki yi istihara.

Baba Tela:
Ni watannin farko a kujera na yi, a ƙarshen sahu kusa da bango. Da likitana ya ga naman ya kama ya ba ni izini, yanzu ina kai goshina ƙasa. Zaman tahiya ne dai ba na naɗe ƙafar yadda na saba, ina ɗan miƙe ta. Babu wanda ya taɓa tsayar da ni a masallaci ya tambaye ni dalili.

Abu Sumayya:
Kar dai kowa ya ɗauki na Baba ya yi wa kansa hukunci. Makonni shida zuwa goma sha biyu na farko su ne na tsoron gocewar ƙarfen daga kwarminsa, musamman in ta baya aka shiga. A lokacin ba a son gwiwa ta fi ƙugu tsayi in an zauna, ba a harɗe ƙafa, ba a murɗa ta ciki. Bayan nan ya danganta da ta inda aka shiga, girman kan da aka sa, da ƙarfin namanki. Da yawa na komawa sujada, wasu likitoci kuma na hana tsugunno har abada. Ki tambaye shi ƙarara tun kafin aiki: sujada, zaman ƙasa, masai, wanki a duƙe, goyo. Kar ki ji kunya, rayuwarmu a ƙasa take, shi ma ya sani.

Maman Biyu:
Ummu Haidar, ni na daɗe ban yi magana a nan ba amma wannan tawa ce. SC ce ni. An canza mini na dama kafin in cika talatin, a nan gida Najeriya. Bayan aikin na haifi 'yata ta biyu, da kaina, ba a yi mini tiyata ba. Ki gaya wa mai maganar ta zo ta ga yarinyar tana gudu a tsakar gida. Ƙarfen yana gefe, ba ya kan hanyar haihuwa. Ni kafin aikin ne ma zaman aure ya yi mini wuya, don ƙafar ba ta buɗuwa, mata za su gane abin da nake nufi.

Abin da ba a gaya mini ba sai da na gani: kasala. Na yi makonni ina jin jikina ba nawa ba. Gefen cinyar wajen ɗinkin ya daɗe a mace. Kuma da farko na riƙa jin ƙafar da aka gyara ta fi ɗayar tsayi, har na yi kuka na ce an ɓata ni, ashe ƙuguna ne ya saba da karkata. A hankali ya daidaita. Ki tanadi mai zama da ke, don Haidar ba zai gane Mama ba ta ɗaukarsa ba. Shawarata, in za ki yi, ki yi kafin wani cikin. Ciki a kan mataccen ƙugu na ɗanɗana, ba na yi wa kowa fata.

Hajiya Mai Atamfa:
Ikon Allah. To ni dai na yi shiru, tunda ga wadda aka yi wa ta haihu. Amma a nemi yardar uwa.

'Yar Maraɗi:
Sannunku da hira. Mu nan Nijar masu hali Tunisiya suke zuwa, wasu kuma su gangara Kano. Ƙanena ne ke da irin wannan, lokotoro ya ce sai aiki. Ina ne ya fi, waje ko gida?

Ɗan Katsina:
Hajiya, ni bayan abin da na gani, ko kyauta aka ce waje sai na yi tunani.

Dakta Ƙashi:
Akwai ƙwararru a Indiya da Masar da Tunisiya, akwai kuma 'yan kasuwa, haka ma a gida. Ana yin aikin nan a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda yake nan tun 1959, ana yi a Igbobi ta Legas da Inugu da wasu asibitocin koyarwa. Ni ba sunan ƙasa nake kallo ba. Ga mai sikila, ku tambayi likitan sau nawa yake yin aikin a shekara, kuma masu sikila nawa ya yi wa. Akwai likitan jini a asibitin? Akwai ma'ajiyar jini da ɗakin kulawa ta musamman in ƙirji ya tashi cikin dare? In matsala ta taso bayan wata uku, wa za a nema? Likitan da ya ji haushin waɗannan tambayoyin, ku nemi wani.

Masu fita waje, dogon zama a jirgi jim kaɗan bayan aiki yana ƙara haɗarin daskarewar jini, kar a yi gaggawar dawowa. Kuma ko a ina aka yi, ku karɓi takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin ƙarfen, samfurinsa da girmansa, ku adana ta tare da takardun gida. A 2010 kamfanin DePuy ya janye wani samfurinsa mai suna ASR daga kasuwa saboda yana saurin lalacewa, wanda bai san abin da ke jikinsa ba ta ina zai san ya shafe shi? Wanda zai sake aikin bayan shekara ashirin ma wannan takardar zai fara nema. Ga matashi mai sikila, yawanci mun fi son wanda ba a liƙa shi da siminti, wanda ƙashi ke tsirowa ya kama shi.

Ummu Haidar, ki ce a duba na daman ma, da hoton MRI in da hali, don yana nuna cutar tun hoto na yau da kullum bai nuna ba. A sikila sau da yawa biyun take kamawa.

Sista Rabi:
Maganar kuɗi kuma, kar maigida ya sayar da fili a kan kuɗin ƙarfe kawai. Miliyoyi ne, kuma da dala ake shigo da kayan, farashin da aka faɗa muku bara ba shi ne na bana ba. Ku sa a rubuta muku komai: gwaje-gwaje, jini, gado, allurar hana daskarewar jini, gashin ƙashi bayan sallama, gyaran banɗaki. Ku ajiye wani abu a gefe saboda ko-ta-kwana. Ku fara haɗa masu ba da jini tun yanzu, kuma ki gaya wa likitan jini duk ƙarin jinin da aka taɓa yi miki, don wanda aka sha ƙara wa jini yakan yi wuyar samun wanda ya dace da shi.

Ummu Haidar:
Allah ya saka wa kowa da alheri, har Yaya Ɗan Katsina, don tsoron da ka ba ni ya sa na san abin tambaya. Na karanta wa maigidan duka. Mun tsayar za mu fara da likitan jini da gwajin ƙoda, mu nemi hoton na dama, sannan mu koma wa likitan ƙashi tare da Umma. In komai ya daidaita ina so a yi a dogon hutun makaranta. Maman Biyu, zan biyo ki ta akwati in ba damuwa.

Maman Biyu:
Ƙofa a buɗe take. In Umma na so ma in yi magana da ita ta waya.

Ɗan Katsina:
Allah ya sa a yi a sa'a. Ni dai har yanzu da 'yar uwata ce sai na ce ta ƙara ko shekara biyu. Amma jikinki ne, ke kika san abin da kike ji.

Auta:
Salam, ku yi haƙuri na shigo a makare. Tunda ana maganar, kakarmu ce ta zame a banɗaki shekaranjiya, ta kasa tashi. Ƙafar ta gajarta, tafin ya kwanta waje. An yi hoto a wani ƙaramin asibiti sun ce wuyan ƙashin cinya ne ya karye, wai sai an sa ƙarfe. Ta haura saba'in da biyar. Kawunnaina sun ce a kawo mai ɗori, in bai yi ba bayan wata ɗaya a koma asibiti. Mu ma mu jira ɗin?

Dakta Ƙashi:
A'a Auta. Duk abin da aka faɗa a sama na jira da shawara bai shafi Kaka ba. Ita karaya ce, kuma a irin wannan so ake a yi aiki cikin kwana ɗaya zuwa biyu in jikinta zai ɗauka. Wuyan ƙashin cinya in ya karye ya goce a tsoho ba ya haɗewa da ɗori, jinin da ke ciyar da kan ya yanke. Kwanciyar wata ɗaya ce ke kashe tsofaffi: ciwon huhu, gyambon kwanciya, daskarewar jini. Ku kai ta babban asibiti mai likitan ƙashi yau, ku tafi da hoton da duk magungunan da take sha. In kawunnan sun ƙi, ki haɗa ni da babbansu.

Auta:
To Dakta. Bari in kira Kawu Babba yanzu.